Kafin Allura Ta Taɓa Fata: Zanen Nan Na Wane Ne?



Yau za mu taɓo zancen da ba kasafai ake kawo shi gidan rediyo ba, alhali yana nan yana yawo a wayoyin 'ya'yanmu: zanen jiki irin na allura da tawada, wanda samari ke ce wa tatu. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san shi. Lionel Messi na ɗauke da shi a hannu da ƙafa, Neymar har wuya, bayan Sergio Ramos kuwa babu masaka tsinke. Mawaƙan Legas ma ba a bar su a baya ba. Yaro ya gani da safe, ya gani da dare, wata rana sai zuciya ta raya masa cewa shi ma ya gwada. Wanda ke karatu a Ingila ko Indiya ko Turkiyya, shagon mai zanen na bakin titinsu. Na Abuja da Akara ma ba sai ya yi doguwar tafiya ba. Tun da abu ya iso ƙofar gida, kawar da kai ba zai kore shi ba.

Abin da nake so mu riƙe a yau shi ne, ba kowane zane ne na kowa ba. Akwai zanen da ke da masu shi, kuma in akwai wanda ya kamata ya fi kowa gane haka, to Bahaushe ne.

Amma mu fara daga inda ya dace a fara, wato addini. Ga Musulmi, hukuncin a fili yake. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisai daga Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya ƙara musu yarda, inda aka la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata. A kan haka malaman mazhabobin nan huɗu suka tafi cewa huda fata a cusa mata launin da ba ya fita haramun ne. Lalle bai shiga ciki ba, don a saman fata yake zama, ya yi 'yan kwanakinsa ya goge. A wajen 'yan'uwanmu Kirista kuwa, akwai aya ta 28 a sura ta 19 ta Littafin Firistoci, wadda ta hana yin zane a jiki. Wasu majami'u sun riƙe ta gam, wasu na ganin doka ce da ta shafi Isra'ilawan wancan zamani, su kuwa Kibɗawan Masar tun ɗaruruwan shekaru suke zana ɗan ƙaramin gicciye a wuyan hannu, shaidar bangaskiyarsu. Saboda haka, ƙanena, kafin ka nemi shagon mai zane, nemi malaminka ko fastonka. In amsar da ya ba ka ta tsayar da kai, shi ke nan, ka hutar da kanka, kuma ba ka rasa komai ba. Muhammad Salah da Sadiyo Mane sun ci kofunan duniyar ƙwallo da fatarsu yadda Allah ya halicce ta. Cristiano Ronaldo ma ba shi da ko ɗigo.

Sai dai rediyo na kowa ne. Akwai mai sauraron da addininsa bai hana shi ba, akwai wanda ya riga ya ƙudurta, akwai uwar da ɗanta ke can wata ƙasa tana fargabar abin da zai dawo da shi, akwai kuma matafiyin da zai haɗu da mutanen da zanen jiki shi ne martabarsu. Duk da su nake magana.

Mu waiwayi gida tukuna. Ranar suna, bayan wanzami ya yi wa jariri aski, a da yakan yi masa askar gidansu. Bagobiri na da tasa, wadda ke tasowa daga gefen baki ta bazu zuwa wajen kunne. Babarbare na da dogayen tsagoginsa da ke sauka a kunci. Kabawa da Zamfarawa da Arawa, kowa da irin tasa. Ga kuma bille da kalangu da 'yar baka, ga jarfar da matan Fulani ke yi a goshi da gefen baki, har yau kana ganinta a fuskokin Bororo a Nijar. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamen bayi, aska ce ke faɗin ko kai ɗan ina ne tun ba ka buɗe baki ba, da ita ake gane ɗan dangi ko da ya shekara ashirin a hannun wasu. To a ce yau wani Bature ya sauka a Sabon Birni ko Tsibiri da askar Gobirawa raɗau a fuska, don kawai ya gan ta a hoto ta burge shi. Dattawa za su tare shi da murna, su ce, "Yaro, ɗan gidan wa?" Me zai ce musu? Ya ɗauki shaidar da ba tasa ba, fuskarsa na faɗin abin da bakinsa ba zai iya tabbatarwa ba.

Wannan tambaya ta "ɗan gidan wa" ita ce mutanen Maori na ƙasar Niyu Zilan ke yi wa duniya, kuma labarinsu ya cancanci mu ɗan zauna a kansa.

Zanensu sunansa moko. A gargajiyance sassaƙa fata ake yi da 'yar ƙaramar kurfi ta ƙashin tsuntsun teku, a shafa baƙin da aka samu daga ƙonannen ƙaro, zanen ya warke da kwari-kwari, kana shafawa kana jin sa. Namiji mai daraja akan zane masa fuska duka, mace kuwa haɓa da leɓe. Kowane lanƙwasa da kowane layi na da abin da yake faɗa: dangin uba, dangin uwa, matsayi, da aikin da mutum ya yi wa jama'arsa. Ba a samun mutum biyu da moko iri ɗaya. Shi ya sa a 1840, da aka ƙulla yarjejeniyar Waitangi tsakanin sarakunan Maori da Turawan Ingila, wasu sarakunan da wani yanki na zanen fuskarsu suka sa hannu. Tun kafin nan ma, wani basarake mai suna Te Pehi Kupe, da ya je Ingila, a 1826 ya zana wa Turawa hoton mokonsa da hannunsa, don a wajensa wannan shi ne sunansa.

Sai kuma ɓangaren da ke da ɗaci. Maori kan busar da kawunan manyansu da suka rasu su adana, haka ma na abokan gaba da suka faɗi a fagen fama. Da fataken Turai suka gani, sai suka mayar da abin haja. A shekarun 1820 ana ba da bindiga a karɓi kai mai zane, a kai shi Turai a sayar wa masu tara kayan al'ajabi. Ciniki ya yi ciniki har ta kai ana zane fuskar bawa a kashe shi don a sayar da kansa. Sai a 1831 Gwamna Darling ya haramta cinikin daga birnin Sidni, amma kafin nan kawuna da yawa sun riga sun ƙetare teku. Daga 2003 gidan tarihin ƙasar Niyu Zilan, Te Papa, ya dukufa wajen dawo da su gida. Faransa ta mayar da kawuna 20 a 2012, wani gidan tarihi na birnin Niyu Yok ya mayar da 35 a 2014. Kakannin mutane ne fa, waɗanda suka shekara fiye da ɗari a akwatunan baƙi.

Mulkin mallaka da wa'azin mishan sun kusa shafe moko baki ɗaya. Na maza ya ja baya tun cikin ƙarni na 19, aka bar 'yan tsofaffin mata da shi a haɓa. Sai a ƙarshen ƙarnin da ya wuce jikoki suka tashi suka farfaɗo da shi, tare da harshensu. A 2016 'yar majalisa Nanaia Mahuta ta bayyana a zauren majalisar dokokin ƙasar da moko a haɓarta, a 2020 ta zama ministar harkokin waje, ta zaga duniya da shi. A Disambar 2021 Oriini Kaipara ta karanta manyan labaran yamma a talabijin da nata. Kowace daga cikinsu da sanin danginta ta yi, don gadonta ne.

Yanzu ka dubi wanda ya buɗe Instagram, ya ga fuskar wani dattijon Maori, ya kwafe zanen ya kai wa mai shago ya ce a buga masa a dantse. Daidai yake da baƙon da ya naɗa rawani mai kunne biyu ya doshi fadar Kano, alhali bai haɗa komai da gidan sarauta ba. Ko da kyakkyawar niyya ya yi, dogarai sai sun tambaye shi. Shi dai mai rawani yana iya warwarewa ya ba da haƙuri. Mai tatu fa?

Kada a ɗauka Maori rowa suke yi. Su da kansu suka buɗe wa baƙo ƙofa. Akwai zanen da suke kira kirituhi, mai salo irin nasu amma ba ya ɗauke da tarihin dangin kowa. Za ka zauna da gwaninsu, ya tambaye ka labarinka, ya tsara maka abin da ya dace da kai. Ka ga an shiga gida ta ƙofa, da sallama, kuɗin kuma ya shiga hannun masu abin.

A tsibiran Samowa ma haka zancen yake. Zanen mazansu, pe'a, daga ƙugu yake farawa har gwiwa. Da wani abu mai haƙora kamar mataji ake yin sa, ana ƙwanƙwasa shi da sanda, kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, dangi na zaune kewaye da mutum suna ƙarfafa masa gwiwa. Sana'ar gado ce ta wasu gidaje ƙalilan, irin gidan Sulu'ape. Wanda ya fara ya kasa ƙarasawa ya jawo wa danginsa abin kunya. Mata na da nasu daban, malu, a cinya. Da kamfanin Nike ya buga zane mai kama da pe'a a jikin matsattsen wandon mata a 2013, mutanen tsibiran suka yi ca, kamfanin ya janye kayan ya nemi afuwa. A 2016 Disney ma ya janye wata rigar yara mai zanen jikin gwarzon fim ɗin Moana, saboda irin wannan ƙorafi.

Abin sha'awa, su Samowawan sun nuna cewa girmamawa ba ta gefe ɗaya ba ce. A Japan an haramta tatu daga 1872 zuwa 1948, kuma har yau jama'a da dama na danganta shi da 'yan dabar yakuza, shi ya sa gidajen wanka da wuraren ninƙaya da yawa ba sa barin mai zane ya shiga. Da aka yi gasar zari-ruga ta duniya a can a 2019, 'yan wasan Samowa, masu zanen da suka gada kaka da kakanni, sai suka amince su riƙa rufe shi a wuraren da masu masaukinsu ba sa son gani. Zanen nasu ne, amma garin na wasu ne.

Inda abin ya fi zafi shi ne alamomin ibada. A 2014 an tsare wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila a Siri Lanka, aka kore ta daga ƙasar, saboda hoton Buddha da ke zane a dantsenta. Ita mabiyar addinin ce ma, kuma a 2017 kotun ƙolin ƙasar ta ce an zalunce ta, ta sa a biya ta diyya. Duk da haka ta ga tasku kafin gaskiyarta ta fito. In wani na mamakin yadda hoto a fata zai tayar da ƙura haka, ya tuna 1997, lokacin da Nike ya fitar da takalmi mai wani tambari da ya yi kama da sunan Allah da Larabci. Musulmin duniya ba su yi shiru ba har sai da aka janye shi. Zafin da muka ji a ranar, shi mabiyin Buddha ke ji, shi Bahinde ke ji in ya ga abin bautarsa a ƙwaurin wani. Abin da ba ka so a yi wa naka, kada ka yi wa na wani.

Ga kuma masu rubuta harshen da ba su iya karantawa ba. A 2019 mawaƙiyar Amurka Ariana Grande ta so ta rubuta sunan waƙarta da haruffan Japan a tafin hannu, sai Japanawa suka karanta suka ga sunan ɗan murhun gasa nama ne. David Beckham ya rubuta sunan matarsa da haruffan Hindi, aka samu harafin da ya yi yawa. Waɗannan masu kuɗi ne da ke da mashawarta, ina ga kai da za ka dogara da fassarar waya? Mai tambaya ba ya ɓata. Nemi ɗan harshen, ba ɗaya ba, su karanta maka da babbar murya kafin a kunna inji.

To, a ce addini bai hana ka ba, zanen kuma ba gadon wasu ba ne. Saura fatarka, ita ma tana da ta cewa. Allurar inji na huda fata ɗaruruwan sau a minti ɗaya, tana ajiye tawada a shimfiɗa ta biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2, inda jini ke gudana. Duk abin da ke jikin allurar ya shiga jikinka ke nan: ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, da yawa ba su ma sani ba. Don haka a ɓare sabuwar allura a gaban idonka, a zuba tawada a sabon ɗan kofi, mai zanen ya sa safar hannu. Wanda ya ɓata rai don ka tambaya, tashi ka ba shi wuri. Ita kanta tawadar abin dubawa ce: a Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 a cikinta, alhali a kasuwanninmu kwalba na iya zuwa ba a san me ke ciki ba.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu baƙaƙen fata, wato tabon nan da ke kumbura ya yi tudu ya wuce girman ciwon, wanda likitoci ke kira keloyid. In hujin kunne ko ƙurji ya taɓa bar maka irinsa, ko yana bin danginku, to jikinka ya riga ya ba ka amsa. Mai ciwon suga da mai juna biyu su ma su ji ta bakin likita. Masu cewa ai ana gogewa da hasken leza, gaskiya ne ana yi, amma sai an yi ta zarya asibiti wata da watanni, da zafi, da kuɗin da ya ninka na zanen. Kore da rawaya na da taurin kai, kuma a baƙar fata wurin na iya komawa fari-fari. Da na sani ƙeya ce.

Mata masu ƙunshi, ku ma ga naku. Lalle na gaskiya ja yake kamawa. Baƙin nan da ke kamawa nan take, irin dayis, galibi yana ɗauke da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, wanda kan sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ya ƙi shi ke nan har abada. Amarya ta gwada a ɗan wuri kaɗan kwana biyu kafin ranar ƙunshi.

Sai doka da neman abinci. Sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ya hana yi wa yaro tatu ko tsaga, yaro kuwa a dokar shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. A Birtaniya tun 1969 aka hana zana ɗan ƙasa da 18. Mai burin sa kakin soja ya karanta sharuɗɗan ɗaukar aiki da kyau, don a Najeriya tatu na cikin abubuwan da ke mayar da mutum gida. Ka tuna da ranar gaisuwar surukai, da ranar da za ka naɗe hannun riga a bakin masallaci ko a gaban ɗalibai. Sunan budurwa kuwa, kada ma a fara. Shawarar da gwanayen sana'ar da kansu ke bayarwa ita ce ka ajiye zanen inda za ka riƙa ganinsa kullum, ka bari watanni su wuce. In ka gaji da shi a takarda, ka tsira. Kuma na farko kada ya zama a fuska ko wuya ko bayan hannu.

Iyaye, in ɗa ya riga ya dawo da shi, kora da zagi ba sa goge tawada. Malamai da dama sun yi bayani cewa wanda ya yi ya tuba, ya cire in cirewar ba za ta cutar da shi ba, kuma alwalarsa da sallarsa na nan daram, don launin na ƙarƙashin fata, ba ya hana ruwa taɓa ta. Wanda ya musulunta da zanensa ma haka. A ja su a jiki. Haka nan in Allah ya haɗa ka da Bamaore ko Basamowe a jirgi ko a makaranta, kada ka yi masa kallon ɗan daba. Wataƙila tarihin kakanninsa bakwai ne a fuskarsa.

Wani aiki kuma ya rage mana a gida. Askarmu tana ƙarewa, kuma ba na kiran a dawo da ita. Addini ya yi magana, likita ya yi, doka ta yi. Amma sanin ta bai kamata ya bi ta kabari ba. Maori sun iya farfaɗo da nasu ne don saninsa bai ɓace ba. Mu fa, matasa nawa ne za su iya bambance askar Kabawa da ta Zamfarawa? Wanda ke da kaka ko kakan da ke da aska, ya je ya tambayi sunanta, da wanzamin gidan da ya yi ta, da garin da ta fito, ya rubuta ya ajiye. Sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su zauna da tsofaffin wanzamai tun suna raye. Wanda ya san darajar alamar gidansu ba zai yi wasa da ta gidan wani ba.